Tambaya da Amsa: Inji 30 a ɗaki ɗaya, wa zai zuba musu Windows?

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta saƙonni ke shigo mini a kan magana guda, kamar an haɗa baki: mutum yana da kwamfutoci da yawa a gabansa, hannu biyu ne da shi, kuma ana jiransa. Na tattara su wuri ɗaya, na haɗa da wasu biyu da suka daɗe a ajiye. Kamar kullum, na taƙaita tambayoyin kuma na cire sunaye.

Malam, ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai zaman kanta a Tahoua. An kawo mana inji 30 iri ɗaya, na hannu ne daga Turai, kowanne da tarkacen da ya zo da shi. Na fara zuba musu Windows ɗaya bayan ɗaya da kile (na USB), kwana uku na gama bakwai. Darekta na son a buɗe ɗakin mako mai zuwa. Akwai dabara?

Akwai, Malam, kuma ka yi sa'a da suka zamo iri ɗaya. Ka dakata da na takwas ɗin.

Mai sassaƙa hatimi ba ya rubuta sunan ma'aikata a kan kowace takarda. Yini guda zai ɓata yana sassaƙa, bayan nan sai bugawa. Haka za ka yi. Ka ware inji ɗaya, mu kira shi uwa, ka gyara shi yadda kake son duka 30 su kasance, ka ɗauki hoton diskinsa gaba ɗaya, sannan ka riƙa buga hoton a kan sauran. Hoto a nan ba na kyamara ba ne, kwafin duk abin da ke cikin diskin ne a dunƙule.

Kafin ka zaɓi uwar, ka duba girman diskin kowane inji. Kayan hannu sukan yi kama a waje, ciki kuwa wani 256 giga, wani 500. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta ya zama uwa, domin hoton ƙaramin diski yana shiga babba, amma na babba ba ya yarda ya shiga ƙarami ko da rabinsa wofi ne. Mutane da yawa sai sun gama wahala suke gano wannan.

Ka sauko da Windows daga wurin Microsoft kanta, ka zuba. In ya kai allon farko da yake tambayar ƙasa, kada ka amsa. Danna Ctrl da Shift da F3 tare. Injin zai sake tashi ya shigar da kai a matsayin mai gida ba tare da an buɗe asusun kowa ba. A nan ne za ka yi duk aikin: sabunta Windows har ya ce babu saura, direbobin sauti da na allo (ƙananan manhajojin da ke sa sassan inji aiki), LibreOffice ko Office in kuna da lasisinsa, VLC, Firefox, mai buɗe PDF, da manhajar koyon buga rubutu in kuna amfani da ita. Forfe ɗinka sau ɗaya zai ƙone maimakon sau 30, kuma ina jin wannan kaɗai ya isa darekta ya yi murmushi.

Abin da ba za ka yi ba a kan uwa: kada ka buɗe Gmail ɗinka, kada ka haɗa WhatsApp ɗinka "na minti ɗaya", kada ka ajiye kalmar sirri a Firefox. Duk abin da uwa ta sha, ƴaƴa 29 za su tsotsa. Ka kuma tabbata BitLocker, makullin diski na Windows, a kashe yake, domin sababbin Windows 11 kan kulle diski da kansu, kuma kullen yana hana mataki na gaba tafiya.

Matakin na gaba shi ne Sysprep, ƙaramar manhaja da ke cikin kowane Windows a C:\Windows\System32\Sysprep. Aikinta ta goge alamomin da suka keɓanta ga wannan inji, kamar sunansa da lambar shaidarsa, don kada 30 su tashi a rezo ɗaya duk suna amsa suna guda. Umarnin shi ne:

sysprep /generalize /oobe /shutdown

Injin zai mutu da kansa. Daga nan kada ka bari ya sake shiga Windows. Sa kilen Clonezilla, manhajar ɗaukar hoton diski, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen abin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. In ya kuɓuce maka ya shiga Windows, sai ka sake Sysprep daga farko.

Clonezilla kyauta ce, daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, kuma tana da Faransanci. Fuskarta ba ta da kyau, shuɗin allo ne da rubutu kamar na shekarun 1990, amma ban taɓa jin kunya da ita ba. Wuraren da ke ɗauke da kaya kawai take kwafa, ta matse su, shi ya sa diski mai 256 giga kan koma hoton da bai wuce giga 20 ko 25 ba. Ka ajiye shi a diskin waje, kuma in ta tambaya ko ta duba lafiyar hoton bayan ta gama, ka ce eh. Minti goman nan ba asara ba ne.

Yanzu ka zuba a inji ɗaya tak. Ka kunna, ka gwada sauti, ka gwada intanet, ka buga takarda, ka kira ɗalibi ya zauna ya yi abin da ɗalibai suka saba yi. In ya wuce wannan, sai ka bi sauran. Da diskin waje biyu da kile biyu da abokin aiki ɗaya, yini guda ya ishe ku.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake yawan cewa a karanta allo. Shekarun baya a wani ofis a nan Yamai, na kwana biyu ina gyara uwa. Ranar bugawa, maimakon in ɗauki hoto in ajiye, sai na ce bari in yi gajeriyar hanya in kwafa daga diski zuwa diski kai tsaye. Diskokin biyu kamfani ɗaya, girma ɗaya. Clonezilla ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na ce na tabbata ina hira da mai shayi. Wofin diskin na kwafa a kan uwar. Aikin kwana biyu ya tafi cikin ƙasa da minti biyar, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Tun daga ranar ba na kwafa kai tsaye, hoto nake fara ɗauka, in ajiye shi wuri biyu.

Batun kuran kuma: in ya ɗauke ana cikin zubawa a ɗaya daga cikin ƴaƴan, ba komai, sai ka sake. In ya ɗauke ana cikin ɗaukar hoton uwa, hoton ya lalace. Ka sa uwar da diskin waje a kan batirin ajiya, ko ka jira lokacin da aka tada gurup.

Yallaɓai, ina gyaran kwamfuta a kasuwar Katako. Kullum sai na yi fomat sau huɗu ko biyar, HP ne, Dell ne, Lenovo ne, Acer ne, babu biyu masu kama. Hanyar hoton nan za ta yi mini?

Ba ita ce taka ba, ɗan'uwa. Hoton da aka wanke da Sysprep yakan tashi a inji na daban, amma za ka riƙa cin karo da direbobi, ga wasu injinan na tsohon tsarin BIOS ne masu son diski a tsara shi da MBR, wasu na sabon tsarin UEFI masu son a tsara shi da GPT. Hoto ɗaya ba zai gamsar da ɓangarorin biyu ba. Kai abin da ke cin lokacinka shi ne zaman gadi: ka danna, ka jira, ka amsa tambaya, ka jira. Kuma in ka lura, amsoshinka ba sa canzawa. Harshe Faransanci, ƙasa Nijar, eh na yarda da sharuɗɗa, a'a ba na son talla.

To Windows yana da hanyar karɓar amsoshin a rubuce tun kafin ya tambaya. Takardar amsa ce, fayil mai suna autounattend.xml. In ka ajiye ta a bakin ƙofar kilenka, wato ba cikin wata jaka ba, mai zuba Windows zai neme ta da kansa, ya karanta, ya wuce duk tambayar da ya samu amsarta. A ciki za ka rubuta harshe, da allon madannai, da agogo (namu a Windows sunansa W. Central Africa Standard Time, awa ɗaya gaban GMT), da sunan asusun da za a buɗe. In takardar ta buɗe asusu na cikin injin, ka huta da nacin Windows 11 na sai ka haɗa intanet ka shiga asusun Microsoft a tsakiyar kasuwa rezo na rawa.

Microsoft na da kayan rubuta wannan takarda a cikin kunshin da take kira Windows ADK, sai dai nauyi ne da shi, kuma mai koyo yakan ɓace a ciki. Ka fara da Rufus, manhajar haɗa kilen zuba Windows. In kana haɗa kilen Windows da shi, kafin ya fara zai nuna maka ƴan akwatunan zaɓi: buɗe asusu da suna kaza, kwafi harshe da yanki daga wannan injin, tsallake tambayoyin tattara bayanai. Abin da yake yi a ɓoye shi ne rubuta maka ƙaramar takardar amsa. In hannunka ya faɗa, sai ka koma Ventoy, wanda ya fito a 2020. Shi kile ɗaya ne za ka zuba masa Windows 10 da 11 da Linux da Clonezilla duka a matsayin fayiloli, ya ba ka jeri ka zaɓa, kuma yana iya haɗa kowane da takardar amsarsa.

Ga inda nake son ka buɗe kunne. A cikin takardar akwai sashen da ke cewa a goge diski mai lamba 0 a raba shi. Wanda ke da inji 30 sababbi yana son wannan sashe. Kai kuwa ka cire shi. Injinan da ke zuwa teburinka na mutane ne, akwai hotunan suna da na biki, akwai kundin kammala karatu na ɗalibin da ya shekara yana rubutu. Kilen da ke goge diski ba tare da tambaya ba, ranar da yaron shagonka ya manta shi a jikin injin wata Hajiya ya kunna, babu abin da zai tsaya ya ce "ka tabbata?". Kuma a inji mai diski biyu, lamba 0 ba kullum ne wanda kake zato ba. Ka bar zaɓen diski a hannunka, sauran tambayoyin su tafi da kansu. Daƙiƙa 20 ne zai ci maka.

Sai kalmar sirri. Duk wadda ka rubuta a takardar amsa, wanda ya tsinci kilen zai iya karanta ta, domin ko an "ɓoye" ta, ɓoyon na jeka-na-yi-ka ne. Ka bar asusun babu kalmar sirri, mai inji ya sa tasa.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne manhajojin da kake zubawa bayan Windows. Ka tara su a jaka ɗaya cikin kilen, ka rubuta ɗan fayil na umarni da zai kira su bi da bi cikin shiru. Masu ƙarewa da .msi suna karɓar msiexec /i sunan-fayil /qn, VLC da Firefox suna karɓar /S. In shagonka na da intanet mai kyau, winget da ke cikin Windows zai iya fitar da jerin manhajojin inji ɗaya da winget export, ya zuba su a wani da winget import, amma kowane inji sai ya sauko da nasa, kuɗin mega kuma daga aljihunka ne.

Wata ɗabi'a da za ta amfane ka: duk injin da ya zo yana aiki, kafin ka goge shi, ka kwashe direbobinsa da pnputil /export-driver * sannan sunan jakar da kake so. Ka sa wa jakar sunan samfurin injin. Cikin wata shida za ka tara rumbun da ya fi na kowa a layinku. Zai cece ka musamman a sababbin kwamfutocin cinya masu Intel daga tsara ta 11, waɗanda mai zuba Windows kan ce bai ga diski ba alhali diskin lafiyarsa lau, direban Intel RST ne kawai babu.

In na kwafa Windows ɗaya a inji 30, ba sata na yi ba? Kuma za su kunnu, wato Windows zai amince da lasisinsu?

Wannan daga malamin Tahoua ne, ya biyo da ita daga baya. Kwafin manhaja daban, lasisi daban. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni suna dasa makullin lasisi a cikin babban allon da ke cikin injin, ba a manna takarda a gindinsa kamar da. Injin da ya taɓa kunnuwa da Windows 10 ko 11 kuma, Microsoft na riƙe da shaidarsa, da ya hau intanet sai ya kunnu da kansa. Sharaɗin shi ne ka zuba irin wanda ya zo da shi: mai lasisin Home ba zai kunnu da Pro ba. Injinan ofis na hannu daga Turai galibi Pro ne. Ka duba biyu ko uku kafin ka gina uwa. Su kuwa ƴan manhajojin "kunnawa" da ke yawo a kile, kada ko ɗaya ya taɓa uwarka. Birus ɗaya a ciki ya zama 30. In makarantar na da yarjejeniyar lasisi da wani dillali, ka tambaye shi abin da ta halatta game da kwafi.

Ina da sibar a Harobanda, kusa da jami'a, inji 18. Ɗalibai na cika su da birus, kusan kowane wata sai na sake zubawa. An ce ana iya yi ta waya ba tare da kile ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma dabarar ta girmi yawancin ɗaliban da ke zuwa wurinka. Sunanta PXE, Intel ce ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1990. Kusan kowane injin tebur yana iya tashi daga kebul ɗin rezo maimakon diskinsa. In ka zaɓi haka, sai ya yi kira a cikin rezo yana neman adireshi, uwar garke, wato injin da ke yi wa sauran hidima, ta ba shi adireshin tare da sunan wani ɗan fayil, ya sauko da shi, fayil ɗin ya jawo sauran. Daga nan hoton diski ya biyo waya.

Hanya mafi sauƙi tana cikin kilen Clonezilla da ka riga ka sani. Akwai zaɓin mayar da inji ɗaya ƙaramar uwar garke na ɗan lokaci. Ka nuna mata hoton, ka ce ta jira inji 17, ka bi su kana kunnawa ta rezo, da na ƙarshe ya shigo sai ta fara watsa hoton ga duka a lokaci guda, kamar gidan rediyo: magana ɗaya, kunnuwa da yawa. In kana son abin dindindin, akwai FOG, shi ma kyauta, ana girka shi a kan Linux, yana rajistar kowane inji da sunansa, ka zauna a kujerarka ka ce inji na 7 a sake shi. Sau da yawa sai ka kashe Secure Boot, wani tsaron tashin inji da ke cikin saitinsa, kafin injinan su yarda su tashi da shi.

Lissafi ne zai gaya maka ko kayanka za su ɗauka. Ka duba akwatin da kebul ɗinka duka ke haɗuwa, suwic. In na megabit 100 ne, abin da yake wucewa a zahiri kamar megabait 11 ne a daƙiƙa, hoto mai giga 20 zai ci rabin awa. In ɗaya bayan ɗaya ne, inji 17 sun haura awa 8. In watsawa ce, rabin awa ga duka. Suwic na gigabit ya ninka wannan gudu sau goma, sai dai a lokacin diskin injinan ne zai zama mai jan ƙafa. A watsawa kuma ana tafiya ne da gudun mafi rauni, inji ɗaya mai kebul da ɓera ya ɗanɗana zai riƙe sauran 16. In ka ga gudu ya faɗi ƙasa, nemi wannan ɗayan ka cire shi.

Abu biyu da ke kayar da masu farawa. Na ɗaya, Wi-Fi ba ya wannan aiki, sai kebul. Na biyu, akwatin intanet ɗinka shi ma yana raba adireshi, in uwar garken ta fara rabawa sai a samu limamai biyu a masallaci ɗaya. Ka zare wayar da ta haɗa suwic da akwatin intanet har a gama.

Amma Alhaji, tambayar da ba ka yi ba ita ce ta fi muhimmanci. Me ya sa kake sake zubawa kowane wata? In ɗalibai na shiga da asusun mai gida, to ƙofa ka bar musu a buɗe. Ka ba su asusu na talaka wanda ba ya iya girka komai. Sannan akwai manhajoji irin su Deep Freeze, na kuɗi ne, da ke daskarar da diski: duk abin da aka yi a yini, da an kashe an kunna ya koma yadda ka bar shi. Da waɗannan biyu, zubawar za ta koma sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ƙungiyarmu ta mata na da tsofaffin inji 12 da muke koyar da ƴan mata buga rubutu. An ce Windows 10 ya mutu, 11 kuma ya ƙi shiga. Mu zubar?

Kada ku zubar, Hajiya. Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, amma injin bai daina aiki ba. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin inji, da giga 4 na ƙwaƙwalwa, da giga 64 na diski, da Intel daga tsara ta 8, shi ya sa ya ƙi naku. Rufus na iya tsallake wannan shinge, sai dai ban cika son haka ga ɗakin koyarwa ba, domin babu alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa lafiya.

Don buga rubutu da lissafin tebur da shiga intanet, Linux ya ishe ku, babu kuɗin lasisi, kuma birus ɗin kile da ke addabar Windows ba ya cin sa. Debian ko Linux Mint da LibreOffice cikin Faransanci za su tashi da sauri a injin da Windows ke nishi. Mai kula muku da injinan zai iya bin hanyar hoto da na faɗa a sama, sai dai a nan babu Sysprep, da hannu zai canza sunan kowane inji ya kuma sabunta fayil ɗin /etc/machine-id. Ko kuma ya bi hanyar takardar amsa, wadda a Linux ta fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba. Ta Debian sunanta preseed, ga layi biyu daga cikinta:

d-i time/zone string Africa/Niamey
d-i keyboard-configuration/xkb-keymap select fr(latin9)

Ko wanda bai taɓa gani ba zai gane agogon Yamai ne da allon madannan Faransanci. Red Hat da danginta suna kiran tasu kickstart, Ubuntu kuma ta koma autoinstall tun fitowar 20.04. Ni na fi son takarda a kan hoto in dai ana iya yi, saboda hoto in ya shekara babu mai tuna abin da aka zuba a ciki, takarda kuwa shafi biyu ce, wanda ya gaji aikin zai karanta ya san abin da na baya ya yi. Ranar da mai kula da injinanku ya samu aiki a Agadez, ita ce za ta rage muku.

Na zuba da takardar amsa, komai ya tafi daidai, amma kalmar sirrin da na sa ta ƙi buɗewa a rabin injinan.

Kalli madannan. Kayan da suka zo daga Faransa da Beljiyam layin farko AZERTY ne, waɗanda suka biyo ta Kano ko Dubai ko Amurka QWERTY ne. In takardarka ta ce Faransanci alhali allon na Ingilishi ne, inda ka ga A injin Q yake ji, M ya ƙaura, lambobi kuma sai da Shift. Ka danna alamar harshe a kusurwar allon shiga ka canza, ko ka buɗe madannan kan allo ka ga abin da injin ke gani. Gaba kuma ka yi takarda biyu, 040c:0000040c ta Faransanci, 0409:00000409 ta Amurka. Tun da muna kan maganar, Windows na da madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, lambarsu 0468:00000468. Ka ƙara su a matsayin na biyu, mu daina rubuta "kasa" muna nufin abu uku.

An ba mu tabilet 40 na Android don ƙidayar rijiyoyi a ƙauyukan Ader. Su ma ana kwafar hotonsu?

A'a ƙanwata, waya da tabilet ba a buga musu hoto kamar kwamfuta, kowane samfuri da nasa tsarin a kulle. Amma akwai makamanciyar takardar amsa. Tabilet sabuwa ko wadda aka mayar sabuwa, in kika taɓa allon maraba sau shida a wuri ɗaya, kyamara za ta buɗe tana neman lambar QR. Lambar na fitowa ne daga manhajar kula da na'urori da ƙungiyarku za ta yi rajista da ita, kuma ita za ta haɗa Wi-Fi, ta sauko da manhajojin aiki, ta hana girka wasanni.

In ba ku da wannan, kuma manhajar tattara bayanai ta KoboCollect ko ODK Collect kuke aiki da ita, ki gyara tabilet ɗaya, ki shiga saitin aikin ki fitar da lambar QR ɗinsa, sauran 39 su ɗauka. Adireshin uwar garke da duk saitin za su shiga ba tare da an buga harafi ɗaya ba. Lambar na iya ɗauke da kalmar sirrinku, don haka kada ta shiga zauren WhatsApp.

Ki kuma buɗe littafi ki rubuta asusun Google da aka sa a kowace tabilet, da lambar da kika manna a bayanta. In aka mayar da tabilet sabuwa ta hanyar maɓallan gefe ba a fara cire asusun ba, za ta tashi tana neman tsohon asusun da kalmar sirrinsa, kuma ba za ta wuce nan ba. In mai ƙidayar da ya sa nasa asusun yana can wani ƙauye bayan Abalak inda rezo ba ya kaiwa, tabilet ɗin za ta zauna a kabad har ya dawo.